Ga ciki, ga digiri na uku, ga gubar dalma: wa zan bi?

Assalamu alaikum Anti, Allah ya ƙara girma. Ni malama ce a sashen kimiyyar sinadarai na wata jami'a a Arewa, shekarata 31, da aurena da yaro ɗaya. A digirina na biyu na auna dalma da kadmiyam da kuromiyam a alayyahu da latas na lambunan da ake ba ruwan kwatar masana'antu. Yanzu zan shiga digiri na uku, kuma burina in bi waɗannan ƙarafa har cikin jinin mata masu juna biyu, in ga abin da yake isa ga jariri. Farfesan da zai duba ni ya ce in daina wahalar da kaina: in ƙara kasuwanni, in ƙara kayan miya, in fitar da takardun bincike uku, in samu ƙarin girma. Ya ce aikin jini sai da likita da kuɗi da izini, kuma ba mu da na'urar. Maigidana bai hana ni karatu ba, amma ya ce ba zan taka ƙauyukan masu haƙar zinari ba. Ga shi ina da ciki wata huɗu, ban faɗa a wurin aiki ba, kuma tun da na gane nake fargabar shiga ɗakin gwaji. Da dare sai in kwanta ina lissafin shekarun da na yi ina shaƙar hayaƙin asid. Mama ta ce in ajiye komai sai na yaye. In bi Farfesa, in bi Mama, ko in bi abin da raina yake so?

Wa'alaikis salam, ƙanwata. Allah ya raba lafiya.

Mu fara da cikin, domin shi ne ba ya jiran kowa. Cikin makon nan ki samu shugaban sashenku, ko wata babbar malama da kike sakewa da ita, ki faɗa. Na san kunyarmu, ciki sai ya fito ya faɗi kansa, amma wadda take dafa samfur a asid ba ta da wannan sararin. Daga yau har ki haihu kada ki ƙara tsayawa a kan dahuwar samfur, kada ki niƙa busasshiyar ƙasa ko ki tankaɗe ta, kada ki taɓa kwalaben dalma da kadmiyam da ake daidaita na'ura da su. Wani ɗalibi ko ma'aikacin ɗakin ya yi. Shayi da biskit a gefen benci ma a daina.

Lissafin dare kuwa ki rage shi. Hayaƙin asid yana ƙona maƙogwaro da ido da huhu a lokacin da aka shaƙe shi, amma ba ya taruwa a ƙashi ya zauna jiran ciki. Dalma ce take yin haka, kuma abin da ke cikin 'yan giram na alayyahu da kika dafa kaɗan ne ƙwarai. In hankalinki ya ƙi kwanciya, ki gaya wa likitan da kike awo a wurinsa irin aikinki, ki nemi a auna dalmar jininki. Lamba ta fi zulumi.

Ni da za a tambaye ni, tandun kwallin da ke gaban madubinki ya fi ɗakin gwajinku ba ni tsoro. Kwallin dutse, baƙin nan mai sheƙi da ake niƙawa, yawancinsa ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka suka ga dalma ta hau a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyinsa dalma ce. Ki ajiye naki, kuma ki fara shirya yadda za ki lallaɓa kaka ranar da ta zo da nata za ta zizara wa jaririn. In kwaɗayin farar ƙasa ya taso miki, kada ki biye masa. Hukumomin abinci na Ingila da Amurka duk sun taɓa gargaɗin masu ciki a kan irin wannan ƙasar da ake ci, saboda dalma da wata gubar mai suna asanik da aka samu a ciki. Maganin ƙarin jini da kalsiyam da ake ba ku a awo kuwa, ki sha shi kamar farilla, domin hanjin da yake ƙarancin ayon (sinadarin ƙarfe mai ƙara jini) da kalsiyam ya fi zuƙar dalma.

Kin san wannan a littafi, amma bari in maimaita saboda masu karatu, kuma saboda a nan amsar tambayarki take. Dalma ba ta daɗewa a jini; cikin wata guda ko makamancin haka rabinta ya bar shi. Sai dai ba duka take fita daga jiki ba. Jiki yana ɗaukarta tamkar kalsiyam, sai ya kai ta ƙashi, har ya zama fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar jikin babba tana ƙashi da haƙori, ta yi shekaru gommai a can. Ƙashi rumbu ne. Idan ciki ya tsufa, ɗan tayi yana gina nasa ƙashin, sai jikin uwa ya buɗe rumbun ya ɗebo kalsiyam, dalmar da aka zuba tun tana yarinya ta biyo. Mabiyiya ba ta iya tare ta. Abin da ake samu a jinin cibiya ba ya nisa da na uwa. Daga nan ake danganta ta da hawan jinin masu ciki, da ɓari, da haihuwar bakwaini, da ƙarancin nauyin jariri, da kuma raunin ƙwaƙwalwa da ba a gani sai yaro ya shiga makaranta an fara ce masa daƙiƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Rahoton UNICEF da ƙungiyar yaƙi da gurɓata muhalli ta Pure Earth na 2020 ya ƙiyasta yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, yana da maikurogiram 5 ko fiye a kowace desilita ta jininsa.

To, Farfesa. Ba mugun nufi yake da shi ba, kuma rabin maganarsa gaskiya ce. Na'urar awon ƙarafa ta AAS mai harshen wuta da ake da ita a yawancin sassanmu ba ta iya ganin ɗan abin da ke cikin jini. Sai mai tanderun girafait, ko babbar na'urar ICP-MS, ko ƙaramar na'urar LeadCare da ake kai wa karkara. Izinin kwamitin ɗa'ar bincike yana cin watanni. Ke ba likita ba ce, ba ki da hurumin soka wa kowa allura. Ya ga ɗalibai da yawa sun ɗauko abin da ya fi ƙarfinsu sun shekara takwas ba su gama ba, shi ya sa yake tura ki hanyar da ya san ƙarshenta.

Inda na rabu da shi shi ne batun ƙara kasuwanni. Ki buɗe intanet ki nemi takardun da aka rubuta a kan ƙarafa masu guba a kayan lambun Jakara da Challawa da Sharada da gefen Kogin Kaduna. Za ki gaji da karantawa. Kusan duk tafiyarsu ɗaya: an sayo ganye, an busar, an dafa a asid, an samu lamba, an ce ta wuce ƙa'ida, an roƙi gwamnati ta sa ido. Da yawa ba sa faɗin ko sun auna samfurin wofi, wato asid da ruwa ba ganye, balle samfurin tantancewa, wato wanda aka riga aka san abin da ke cikinsa don a gwada gaskiyar na'ura. Wasu kuma sukan auna busasshen ganye su kwatanta da iyakar dalma ta miligiram 0.3 a kilo da Codex, kundin ƙa'idojin abinci na duniya, ya sa, alhali iyakar ta ɗanyen ganye ce, shi kuwa alayyahu kusan duk nauyinsa ruwa ne. Haka ake ninka haɗari sau da yawa a kan takarda. In jarida ta ɗauka, sai mai ciki ta ji an ce alayyahu guba ne ta daina ci, ta rasa abin da yake ƙara mata jini, mai lambu ya yi asara, ita kuwa dalmar da take shiga jikinta ta wata ƙofa tana nan tana shiga. Takardu uku irin waɗannan za su kai ki babbar malama, ban musa ba. Amma ke da kike kwana kina tunanin jarirai, ba na jin za su ishe ki.

Dubi abin da ya faru a Zamfara. A 2010 Ƙungiyar Likitocin Sa-kai ta MSF ta tarar yara suna jijjiga suna mutuwa a ƙauyuka irin su 'Yargalma a Bukkuyum da Dareta a Anka. Aƙalla yara 400 suka rasu. Dutsen zinarin yankin cike yake da dalma, kuma a cikin gidaje ake sarrafa shi: a daka a turmi, a kai injin niƙa irin na gari, a shanya a tsakar gida inda yaro yake rarrafe. Na'urar LeadCare tana tsayawa a maikurogiram 65 a desilita, jinin yara da yawa ya wuce inda take iya karantawa, alhali daga 45 ake fara ba da maganin fitar da dalma. Bagega sai a 2013 aka samu kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, kuma a 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: da masu aikin kwashe ƙasar suka bi sawun abinci, sun gano yawancin dalmar da ke cikin hatsi ba daga gona ta taso ba. Bayan girbi take shiga, wajen sussuka da shanya da daka da niƙa a gidan da ƙura ta gurɓata. Wanda ya tsaya auna dawa a gona zai ce lafiya lau. Sai wanda ya shiga gida ya tsuguna gaban turmi ya gani. Kuma wa yake shiga cikin gida a ƙasar nan ya zauna da matan aure har su saki jiki? Ba Farfesa ba.

Misalin da ya fi kama da naki yana Bangaladash. Masu bincike na Jami'ar Stanford da cibiyar binciken lafiya ta icddr,b da ke Dhaka sun ga dalma ta hau a jinin masu ciki a karkarar da babu masana'anta, kuma an daɗe da daina sa dalma a fetur. Suka bi gida-gida, suka auna ƙasa da shinkafa da gwangwanaye da kayan ƙamshin miya, suka kwatanta tambarin dalmar da ke jini da na kowane abu, domin dalma tana ɗauke da alamar inda aka haƙo ta. Sawun ya kai su ga kurkur. Masu gyaran kurkur suna shafa masa wani rawayan fenti mai dalma don ya yi kyau a ido ya yi kasuwa. Aka buga sakamakon a 2019, hukumar abinci ta ƙasar ta shiga kasuwanni da na'urar hannu da tara da sanarwa, kuma kurkur mai dalma a kasuwannin da aka bibiya ya faɗo daga kashi 47 cikin 100 zuwa sifili a 2021. Aikin digiri na uku ne na wata ɗaliba, Jenna Forsyth, ya zama ƙashin bayan wannan.

Don haka shawarata ita ce ki bi abin da ranki yake so, amma ki rage masa faɗi sosai. Kada ki ce za ki tabbatar dalma tana rage nauyin jariri. An riga an yi wannan a wurare da yawa, kuma yana buƙatar mata masu yawan da kuɗinki ba zai kai ba. Tambayar da babu mai amsa mana ita sai mu ita ce: matan da suke zuwa awo a asibiti kaza, nawa ne a jininsu, kuma ta wace ƙofa take shiga? Ƙarfe ɗaya, dalma. Asibiti ɗaya ko biyu a garin da kike. Kadmiyam da zaiba da asanik su jira. Kowanne da irin samfurinsa da irin wahalarsa, kuma kina da sauran shekaru a gaba in Allah ya so. Waɗanda jininsu ya hau da waɗanda bai hau ba, ki bi wasu daga kowane ɓangare gida, ki ɗebo abin da ake zargi: kwalli, farar ƙasa, kanwa, yaji da kurkur, garin da aka niƙo a inji, maganin gargajiya, ƙurar ɗaki, ruwan rijiya, fentin bango. Ki tambayi sana'ar maigida, ko mai gyaran batir ne ko mai walda ko mai narka ƙarfe, da inda yake tuɓe kayan aikinsa. Ki duba tukunya. Tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe, wani bincike a Kamaru a 2014 ya nuna suna iya sakin dalma cikin abin da aka dafa, musamman mai tsami. Ki tuna tsamiya da yakuwa da tumatir nawa muke zubawa a irinsu.

Wannan tsarin ya warware maganar maigida ba tare da gardama ba, kuma ni ina bayansa. Da ciki ko goyo ba ki da abin yi a dabar niƙan dutse, ga kuma halin tsaro a yankunan. Ki gode masa, ki nuna masa taswirar aikin ya ga duk a cikin gari ne.

Akwai abu ɗaya da nake so ki warware kafin a ɗebi jinin mace ko ɗaya, kuma shi ne wanda ake yawan tsallakewa. Ranar da sakamako ya fito kika ga wata baiwar Allah mai ciki wata bakwai tana da 18, me za ki ce mata, wa zai faɗa mata, kuma a gaban wa? Ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar a 2010 ta ce daga 5 a fara neman tushen a kuma sake awo, maganin fitar da dalma sai abin ya kai wajen 45 kuma a hannun ƙwararru, shayarwa kuwa a ci gaba da ita sai in jinin uwa ya kai 40. Wani gwaji a birnin Meziko ya nuna kalsiyam miligiram 1,200 a rana yana ɗan rage dalmar jinin masu ciki. Ke nan ga yawancin matan, magani shi ne a gano ƙofar a rufe, a gyara abinci, a sake aunawa. Kuɗin komawa gidanta da na awo na biyu su shiga kasafinki tun farko. Kuma ki yi tunanin yadda za a faɗi maganar in tushen sana'ar mijinta ce, ko tukunyar da uwar miji ta ba ta, don kada ki bar gida da rigima. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a 1996 a Kano ba. Duk wanda ya zo ya ɗebi jini ya ɓace, ya ƙara rufe ƙofa ga na bayansa.

Takardar neman yarda ki rubuta ta da Hausar da za a karanta wa mace ta gane, ki ba ta dama ta je ta shawarci mijinta ta dawo. Ki ce cokali nawa ne jinin, ina za a kai shi, me za a yi da ragowar. Jinin cibiya kada ki jingina digirinki a kansa: mata da yawa suna awo a asibiti su haihu a gida, kuma mabiyiya abu ce da dangi suke karɓa su binne, ba a wasa da ita. In an samu, ƙari ne. Jinin jijiya a kwalbar da aka tanada don awon ƙarafa ya fi na ɗan yatsa, domin ƙurar da ke kan fata kaɗai tana iya ɗaga lamba.

Batun kayan aiki da kuɗi, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ki nemi likitar mata a asibitin koyarwa mafi kusa ta zama mai duba ki ta biyu. Da ita izini da ɗibar jini za su yi sauƙi, ita ma tana buƙatar mai sinadarai kamar yadda kike buƙatarta. Ki samu masanin ƙididdiga tun kafin ki fara, ba bayan kin tara lambobi ba. Samfuran da ba na jini ba, ki rubuta wa Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT, duk a Zariya, ki ji abin da suke iya aunawa da farashinsa. Ƙaramin tallafin bincike na asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, da ake nema ta jami'a zai iya ɗaukar gwajin farko, sakamakonsa kuma shi za ki riƙa a hannu ki nemi gurbin Commonwealth mai raba karatu, wanda ake yin wata 12 a Ingila a dawo a ƙarasa a gida, ko makamancinsa na hukumar tallafin karatu ta DAAD a Jamus. In samfur zai fita waje, a rubuta yarjejeniya tun kafin ya tashi: na wa ne, sunan wa zai zo farko. An sha ganin wanda ya sha rana ya koma layin godiya a ƙarshen takarda. Mujallun da suke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda kuwa, ki guje su ko da ana ƙirga su a ƙarin girma.

Kada ki je wa Farfesa da cewa hanyarsa ba ta da amfani. Ki je da shafi biyu. Ki nuna masa kayan kasuwa da yake so su ne babi na farko, an yi su da samfurin wofi da na tantancewa yadda babbar mujalla za ta karɓa, jini ne babi na biyu, bin sawu gida-gida na uku. Takardunsa uku suna nan, sunansa yana kan kowacce. In duk da haka ya ƙi, ki yi haƙuri ki nemi wani cikin ladabi tun kafin a yi rajistar taken binciken, domin canji bayan nan ya fi ciwo.

Mama kuma ta fi kusa da gaskiya fiye da yadda kike zato. Benci za ki ajiye, ba karatu ba. Watannin da suka rage kafin haihuwa da na jego su ne na karatu da rubuta tsari da jiran kwamitin ɗa'a, aikin da ake yi a zaune da kwamfuta, kuma ko ba ciki sai kin yi wannan jiran. Ki sa ta cikin aikin. Ki zauna da ita da ƙawayenta da ungozomar unguwa, su lissafa miki duk abin da mai ciki da mai jego suke ci, suke sha, suke shafawa, suke turarawa, tun daga laulayi har arba'in, da wanda ake ɗura wa jariri. Ki rubuta sunan kowanne yadda suke kiransa, da kasuwar da ake sayo shi, da ma'aunin da ake sayarwa. Daga wannan jerin za ki tsara tambayoyin da za ki yi wa mata a layin awo, kuma daga shi za ki san abin da za ki aika a sayo miki a zuba a leda mai zif, a rubuta rana da wuri a jiki, a ajiye har ki koma aiki.